Ƙonewar farar wuta: tambayoyi da amsoshi kan ikweshan ɗinta da lissafinta

Farar wuta, wadda masana sinadarai ke rubutawa da harafin S, tana cikin abubuwan da ake fara ƙonawa a gaban ɗaliban sakandare idan aka zo darasin iskar oksijin. Ikweshan ɗin ƙonewarta layi ɗaya ne gajere, shi ya sa ɗalibai da dama ke raina shi, su haddace su wuce. Alhali da wannan layin ne ake sanin yawan gas ɗin da zai fito, da yawan zafin, da ko iskar ɗakin za ta shaƙu bayan an gama.

Mene ne ikweshan ɗin ƙonewar farar wuta?

S(s) + O₂(g) → SO₂(g)

Atam ɗaya na farar wuta yana haɗuwa da molikul ɗaya na oksijin, a samu molikul ɗaya na salfa dayokzayid, wato SO₂. Ƙaramin harafin s da ke cikin baka yana nufin daskararren abu, g kuma gas. A ƙirga: S ɗaya a hagu, ɗaya a dama, O biyu a hagu, biyu a dama. Ya zo a daidaice, ba ya buƙatar a ƙara masa wata lamba.

Abin da ido ke gani shi ne harshen wuta shuɗi, mai rauni a cikin iska ta yau da kullum, mai haske sosai a cikin zallan oksijin. SO₂ ba shi da launi, amma hanci ba ya kuskurensa. Warin nan mai sarƙe maƙogwaro da ke tashi a daidai lokacin da aka ƙyasta ashana, yawancinsa SO₂ ne.

Wani littafi ya rubuta S₈ + 8O₂ → 8SO₂. Wanne ne daidai?

Duka biyun. A cikin daskararriyar farar wuta atam-atam ba a warwatse suke ba, takwas-takwas suke haɗuwa su yi zobe, shi ne S₈. Wanda ya rubuta S₈ + 8O₂ → 8SO₂ ya nuna yadda abin yake a zahiri, wanda kuma ya rubuta S + O₂ → SO₂ ya raba komai gida takwas don sauƙin lissafi.

Inda ake faɗuwa shi ne gauraya su. Mol shi ne ma'aunin da masana sinadarai ke ƙirga yawan atam ko molikul da shi, kuma nauyin mol ɗaya na S giram 32 ne, na S₈ kuwa giram 256. Ɗalibin da ya rubuta S₈ a ikweshan sannan ya yi lissafi da 32 zai samu amsar da ta ninka ta gaskiya sau takwas. A jarrabawar WAEC da NECO, in dai tambayar ba ta ambaci S₈ ba, a tsaya ga S.

Me ya sa ba SO₃, wato salfa tirayokzayid, ake samu ba, tunda iska cike take da oksijin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci. A takarda ana iya rubuta 2S + 3O₂ → 2SO₃, kuma ya daidaita sarai. Amma daidaituwar ikweshan ba hujja ba ce cewa haka abin ke faruwa a cikin harshen wuta.

SO₃ mataki na biyu ne:

2SO₂(g) + O₂(g) ⇌ 2SO₃(g)

Kibiya mai kai biyu tana nuna cewa haɗuwar na iya yin gaba, tana iya komawa baya. Tafiyar gaba tana fitar da zafi, kimanin kilojul 198. Duk haɗuwar da ke fitar da zafi irin wannan, in aka ƙara mata zafi sai ta karkata baya. To a tsakiyar harshen wuta zafin ya yi yawa, SO₃ ba ya tsayawa, yana rabewa ya koma SO₂ da oksijin. Idan gas ɗin ya bar wutar ya huce, yanayin ya dace da samuwar SO₃, sai dai a lokacin haɗuwar ta yi nawa ƙwarai, har kamar ba ta tafiya. Da zafi ba ya tsayawa, da sanyi ba ya samuwa da sauri. Shi ya sa in aka ƙona farar wuta a fili, ɗan kaɗan ne kawai ke zama SO₃.

Wannan ɗan kaɗan ɗin ana ganinsa. Farin hazon da ke bayyana a cikin kwalbar gwaji ba SO₂ ba ne, domin shi ba ya ganuwa. SO₃ ne ya haɗu da danshin iska ya zama ƙananan ɗigon asid.

Don haka in aka ce "rubuta ikweshan ɗin ƙonewar farar wuta a cikin iska", ko da an ƙara da cewa oksijin ya wadata, amsar SO₂ ce. Ana kawo SO₃ ne idan an ambaci katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwa ba tare da shi ya ƙare ba.

Waɗanne kurakurai aka fi yi wajen rubuta shi?

Na farko, rubuta O maimakon O₂. Oksijin na iska bibbiyu yake tafiya. Wanda ya rubuta S + 2O → SO₂ ya ƙirga daidai, amma ya rubuta abin da babu shi a cikin iskar da muke shaƙa.

Na biyu ya fi muni: taɓa ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi don a daidaita. Lambar gaba, kamar 2 na 2SO₂, adadi take faɗa, ana iya canza ta. Ƙaramar ta ƙasa kuwa ita ce ke bayyana ko wane abu ne. In aka mai da SO₂ ya zama SO₃ ko SO₄ don lissafi ya fita, an canza abin da ake magana a kansa gaba ɗaya.

Akwai kuma masu ƙara H₂O a dama saboda sun saba da ƙonewar fetur da kananzir, inda ake samun CO₂ da ruwa. Ruwan can daga haidirojin ɗin da ke cikin man yake fitowa. Farar wuta zalla ba ta da haidirojin, ba ta da kabon, saboda haka ba ruwa, ba CO₂.

Yaya ake lissafin nauyi da yawan gas?

Nauyin atam na S 32 ne, na O 16. Mol ɗaya na O₂ giram 32 ke nan, na SO₂ kuma 32 + 32 = giram 64.

Giram 32 na farar wuta + giram 32 na oksijin → giram 64 na SO₂.

Wannan dacewar ta sa lissafin ya yi sauƙi: farar wuta tana cin oksijin daidai nauyinta, ta ba da SO₂ ninki biyu na nauyinta. Kilo ɗaya na ba da kilo biyu, tan ɗaya tan biyu. Mutane kan yi mamakin yadda abin da ya ƙone ya ɓace zai ba da abin da ya fi shi nauyi, amma rabin nauyin daga iska aka ɗauko shi.

A ɓangaren girma, mol ɗaya na gas yana cin lita 22.4 a digiri 0 da matsin iska na ma'auni. Misali, giram 8 na farar wuta mol 0.25 ne, zai ba da mol 0.25 na SO₂, wato giram 16, ko lita 5.6. A zafin ɗaki littattafai kan ɗauki lita 24. A ɗakin gwaji na Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda zafi ke kai digiri 35 cikin inuwa har ya wuce, mol ɗaya ya haura lita 25. A jarrabawa dai a bi lambar da aka bayar.

Idan da iska ake ƙonawa, a tuna oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na girmanta. Lita 22.4 na oksijin na buƙatar iska 22.4 ÷ 0.21, kusan lita 107. Ta nauyi, kilo ɗaya na farar wuta na buƙatar iska kimanin kilo 4.3.

Wani abin lura: lita ɗaya ta oksijin tana ba da lita ɗaya ta SO₂. In an ƙona a rufaffiyar kwalba busasshiya aka bari ta huce, matsin cikinta zai koma kusan yadda yake tun farko.

In aka ba da nauyin duka biyun, yaya ake gane wanda zai fara ƙarewa?

A mai da kowanne mol. Giram 16 na farar wuta da giram 24 na oksijin: S mol 0.5, O₂ mol 0.75. Ɗaya-ɗaya suke haɗuwa, don haka farar wuta ce za ta ƙare, a samu SO₂ mol 0.5, giram 32, oksijin mol 0.25 ya yi saura, giram 8. A gwada: an fara da 16 + 24 = 40, an ƙare da 32 + 8 = 40. Ragowar oksijin nan tana nan a matsayinta, kada a ce ta koma SO₃.

Nawa ne zafin da ke fita?

S(s) + O₂(g) → SO₂(g), ΔH = −296.8 kJ a kowane mol

ΔH shi ne canjin zafi a haɗuwar, alamar ragi kuma tana nufin zafi fita yake yi. In aka raba da 32, kowane giram na ba da kimanin kilojul 9.3. Kabon zalla na ba da kusan 33 a giram, wato farar wuta ba ta kai kashi ɗaya cikin uku nasa ba. Ba makamashin kirki ba ce, ko da a ce hayaƙinta ba ya cutarwa.

Da wannan lambar ake koyar da dokar Hess, wadda ta ce jimlar zafin haɗuwa ɗaya ce ko a mataki ɗaya aka yi ta ko a matakai da yawa, domin ba a iya auna zafin samuwar SO₃ kai tsaye daga farar wuta, tunda ƙonewar a SO₂ take tsayawa. Sai a haɗa matakai biyu. Na farko −296.8. Na biyu, SO₂ + ½O₂ → SO₃, shi ne rabin 198 ɗin nan, −98.9. Jimla −395.7 kJ a kowane mol na SO₃. Kuskuren da aka saba shi ne a haɗa −296.8 da −198 kai tsaye, a manta cewa 198 na mol biyu ne.

Idan aka yi amfani da S₈, ΔH ma sai a ninka shi sau takwas, ya zama kimanin −2,374 kJ.

Wa ya ba da elektiron, wa ya karɓa?

Lambar oksideshan ita ce ke nuna yawan elektiron da atam ya bayar ko ya karɓa: ta S ta tashi daga 0 zuwa +4, ta O ta sauka daga 0 zuwa −2. Farar wuta ce ta bayar, oksijin ya karɓa. A SO₃ da asid ɗin H₂SO₄ lambar S +6 ce, a gas ɗin H₂S (haidirojin salfayid) kuma −2. Zaman SO₂ a tsakiya, a +4, shi ya sa yake iya bayarwa in ya haɗu da mai ƙwace elektiron, ya kuma karɓa in ya haɗu da H₂S.

Yaya ake yin gwajin a makaranta?

Ana buƙatar kwalbar tara gas mai murfi, da cokalin ƙonawa mai dogon hannu wanda ke da faifan rufe bakin kwalba, da garin farar wuta, da fitilar Bunsen ko ta sifirit, da takardar litmas shuɗiya wadda asid ke mai da ita ja, da tabarau na kariya. Oksijin kuwa ana samunsa cikin sauƙi ta zuba ruwan haidirojin faroksayid a kan ɗan garin MnO₂:

2H₂O₂ → 2H₂O + O₂

Yawan farar wutar ikweshan ne zai faɗa. Kwalba mai cin mililita 250 tana ɗauke da oksijin mol 0.0104, wanda iyakar abin da zai ƙona giram 0.33 ne. Saboda haka giram 0.2 ya wadatar, abin da bai cika rabin cokalin ba. Duk abin da aka ƙara a kan haka a waje zai ƙone, cikin hancin ɗalibai.

A ɗora garin a cokali a kai shi gefen wuta. Wajen digiri 115 zai narke ya zama ruwa rawaya mai tsinkewa. Wajen digiri 160 sai ya yi duhu, ya koma ja-ja mai kauri, domin zoben S₈ sun fara tsinkewa suna sarƙewa da juna. Da zafi ya kai digiri 230 zuwa 250 sai ya kama, shuɗin harshe ya kwanta a saman ruwan. Nan take a zura cokalin cikin kwalbar, faifan ya rufe bakin. Wutar za ta yi haske nan da nan. Idan ta mutu, a fitar da cokalin a tsoma shi cikin ruwa ko yashi, a zuba ruwa kamar mililita 20 a kwalbar, a rufe, a girgiza.

SO₂(g) + H₂O(l) ⇌ H₂SO₃(aq)

Litmas shuɗiya za ta koma ja. Murfin kuma yakan manne, saboda ruwan ya shanye gas ɗin, matsin ciki ya ragu. A zafin ɗaki lita ɗaya ta ruwa na iya shanye SO₂ kusan lita 40.

A yi shi a akwatin zuƙe hayaƙi. Inda babu, a fita baranda, a duba inda iska ke kaɗawa, ɗalibai su tsaya ta bayanta. Ɗalibi mai asma ya kalla daga nesa, ba a sassauta wannan.

Mun gwada amma bai fito yadda littafi ya ce ba. Me ya faru?

In ba a ga harshen wuta ba, sau da yawa tana ci, hasken rana ne ya danne ta. Shuɗin yana da rauni, kuma nan haɗarin yake, domin mutum zai ɗauka ta mutu ya ajiye cokalin a kan tebur. A sa baƙin kwali a bayan cokalin, ko a yi a inuwa.

In wutar ta mutu da shigarta kwalba, oksijin ɗin ne ya tsere ko ya gauraya da iska. Kumfar farko da ke fitowa daga bututu iskar cikin kayan aiki ce, a bar ta ta wuce kafin a fara tarawa. Kwalbar da iska ce kawai a cikinta ba za ta ƙona fiye da giram 0.07 ba, kuma wutar kan mutu tun oksijin bai ƙare ba.

In harshen ya fito rawaya ko da baƙin hayaƙi, cokalin ne ke da ragowar wani gwajin, ko farar wutar ba zalla ba ce. In litmas ba ta canza ba, a busshe take, sai an jiƙa ta. In kuma ta yi ja sannan ta koɗe, ba kuskure ba ne, SO₂ mai danshi yana cire launi. In ruwa ya yi yawa a kwalbar tun farko, zai shanye gas ɗin, gwaje-gwajen da za a yi daga baya su yi rauni. In narkakkiyar farar wuta ta ɗiga ƙasan kwalba gilashin na iya tsagewa, don haka a zuba ɗan yashi a ciki kuma kada a cika cokalin.

Yaya za a tabbatar SO₂ ne, ba CO₂ ba?

Ruwan Ca(OH)₂ ba ya raba gardama, domin duka biyun suna sa shi ya yi fari. Da SO₂ abin da ke faruwa shi ne Ca(OH)₂ + SO₂ → CaSO₃ + H₂O.

Gwajin da ke bambanta su shi ne takardar da aka jiƙa da K₂Cr₂O₇ mai ɗan asid. SO₂ yana mai da ita daga ruwan lemo zuwa kore:

Cr₂O₇²⁻ + 3SO₂ + 2H⁺ → 2Cr³⁺ + 3SO₄²⁻ + H₂O

Ruwan KMnO₄ ma yana rasa launinsa na shunayya. CO₂ ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. H₂S yana canza su, amma shi warin ruɓaɓɓen ƙwai gare shi, kuma yana barin gurɓin farar wuta rawaya a cikin ruwan.

Ana sayar da farar wuta a kasuwa, wasu na yin hayaƙi da ita a ɗaki. Akwai haɗari?

Akwai, kuma lissafin ya nuna girmansa. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin 3, tsayin 3, wato kubik mita 36. Giram ɗaya tak na farar wuta zai ba da miligiram 2,000 na SO₂. In aka raba, kowace kubik mita ta samu miligiram 55 da ɗoriya, kimanin kashi 21 cikin miliyan na iskar ɗakin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada abin da mutum ke shaƙa na minti 10 ya wuce rabin miligiram a kubik mita. Giram ɗayan nan ya ninka wannan fiye da sau 100. Giram 5 kuwa zai kai ɗakin sama da kashi 100 cikin miliyan, matakin da hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa a matsayin haɗari na nan take ga rai da lafiya.

SO₂ yana narkewa a danshin ido da hanci da maƙogwaro ya zama asid, yana kuma sa hanyoyin iska na huhu su tsuke. Masu asma ɗan kaɗan ke tayar musu da ciwon. Ya fi iska nauyi sau biyu da ɗan wani abu, don haka a ɗakin da iska ba ta zagayawa yakan fi taruwa ƙasa-ƙasa, inda jariri ke kwance a tabarma da inda tsoho ke zaune. Kada a ƙona ta a ɗakin da mutum ko dabba ke ciki, ko don ƙwari ko don magani. Wanda ya shaƙa a fitar da shi fili, a wanke masa ido da ruwa mai yawa, in numfashi na yi masa wuya ko ƙirjinsa na kuka a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

To ina amfanin ƙona ta?

Yawancin farar wutar da ake samarwa a duniya ƙona ta ake yi da gangan don a yi asid ɗin H₂SO₄. Hanyar ta samo asali daga wani mai sana'ar binega a Biristol ta Ingila, Peregrine Phillips, wanda ya yi rajistarta a 1831 da filatinam a matsayin katalis. Yanzu V₂O₅ ake amfani da shi, ya fi araha kuma ya fi jure datti.

Ana narkar da farar wuta a riƙe ta tsakanin digiri 135 da 150, don in ta kai 160 ta yi kaurin da famfo ba zai tura ta ba. Sai a fesa ta cikin tanderu tare da iskar da aka busar. Zafin ciki kan kai digiri 1,000 ko fiye, gas ɗin da ke fita na ɗauke da SO₂ kashi 10 zuwa 12 cikin 100, ragowar oksijin kuma ana buƙatarta a mataki na gaba. Busar da iskar dole ne, in ba haka ba danshi zai haɗu da SO₃ ya cinye bututun ƙarfe. Ana sanyaya gas ɗin ta hanyar tafasa ruwa da shi, tururin ya juya injin lantarki, sannan a ratsa shi ta cikin katalis a digiri 400 zuwa 450. Ƙasa da haka katalis ba ya aiki, sama da haka haɗuwar ta karkata baya.

SO₃ ɗin ba a zuba shi cikin ruwa kai tsaye, domin zafin da ke tashi yana mai da asid ɗin hazo mai wuyar kamawa. Asid mai ƙarfin kashi 98 ne ke shanye shi, sannan a tsarma:

SO₃ + H₂SO₄ → H₂S₂O₇

H₂S₂O₇ + H₂O → 2H₂SO₄

Giram 32 na S na ba da giram 98 na asid, wato tan ɗaya na ba da tan uku da ɗan kaɗan. Da wannan asid ake yin takin supa da manoma ke sa wa gyaɗa da wake, shi ne a cikin ruwan batirin mota, kuma da shi ake jiƙa dakakken dutse a ma'adinan Arlit na Nijar don a fitar da yuraniyam.

Abubuwan da ke ɗauke da farar wuta a cikinsu fa?

Ƙa'idar ɗaya ce: in oksijin ya wadata, S ɗin zai fito a matsayin SO₂, sauran abin kuma ya bi tasa hanyar.

2H₂S + 3O₂ → 2SO₂ + 2H₂O

In oksijin ya yi ƙaranci, haidirojin ne ke ƙonewa ya bar farar wuta: 2H₂S + O₂ → 2S + 2H₂O. Matatun mai da na gas suna cin moriyar wannan. Sukan ƙona kashi ɗaya cikin uku na H₂S ɗin da suka cire, sannan SO₂ ɗin ya haɗu da ragowar: 2H₂S + SO₂ → 3S + 2H₂O. Ita ce hanyar Claus, kuma daga matatun nan mafi yawan farar wutar kasuwar duniya ke fitowa yanzu.

Wanda ya fi wahalar da ɗalibai shi ne gasa dutsen FeS₂. A fara da ƙarfe: Fe₂O₃ na da Fe biyu, don haka 2FeS₂, wanda zai ba da 4SO₂. Oksijin a dama 3 + 8 = 11, wato O₂ biyar da rabi. A ninka komai biyu:

4FeS₂ + 11O₂ → 2Fe₂O₃ + 8SO₂

A riƙa barin oksijin ya zama na ƙarshe a duk irin wannan.

Mene ne haɗin wannan da man dizal da ruwan sama mai asid?

Ɗanyen mai da kwal suna ɗauke da farar wuta, kuma duk wadda ba a cire ba a inji za ta ƙone. Litar dizal tana da nauyin kusan giram 840. In man na da farar wuta kashi 3,000 cikin miliyan, iyakar da aka daɗe ana aiki da ita a Najeriya a da, kowace lita na ɗauke da giram 2.5 na S, wato giram 5 na SO₂. Janaretan da ya sha lita 100 ya saki rabin kilo. A kashi 50 cikin miliyan, ma'aunin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020, lita 100 ɗin ba za ta ba da giram 9 ba. Tarayyar Turai ta sauko zuwa 10 tun 2009, man jiragen ruwa kuma an rage iyakarsa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100 a farkon 2020. A kula, abin da ke kashe mutane in an kwana da janareta a rufaffen wuri gas ɗin CO ne, wato kabon monokzayid, wanda ba shi da wari ko kaɗan, kuma mai mai tsabta ba ya hana shi.

A sararin sama SO₂ yana komawa H₂SO₄ sannu a hankali, cikin kwanaki, ya sauko da ruwa. Ruwan sama na yau da kullum pH ɗinsa, wato ma'aunin asid da ke sauka in asid ya ƙaru, kimanin 5.6 ne saboda CO₂, wanda ya yi ƙasa da haka shi ake kira mai asid. Yana cin kwanon rufi da ginin dutse, yana kashe kifi a tafkuna. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, mutum aƙalla 4,000 suka mutu a ƙididdigar farko.

Tashoshin lantarki masu ƙona kwal suna kama SO₂ da jiƙaƙƙen garin dutsen CaCO₃:

CaCO₃ + SO₂ → CaSO₃ + CO₂

Sai a hura iska CaSO₃ ya koma jifsam, CaSO₄·2H₂O, irin wanda ake haƙa a yankin Fika na jihar Yobe ana sa wa siminti don kada ya daskare da wuri.

In farar wuta ta kama a shago ko sito, me za a yi?

Da farko kowa ya koma ɓangaren da iska ke fitowa, a janye mutanen da hayaƙin ke nufa. Buhu mai kilo 50 in ya ƙone kaf zai ba da SO₂ kilo 100. Tsumma mai ruwa a hanci na ɗan ragewa na 'yan daƙiƙoƙi don a samu a fice, amma bai isa a tsaya kashe wuta da shi ba. A 2003 tarin farar wuta ya kama a Mishraƙ kusa da Mosul a Iraƙi, aka shafe makonni ana fama kafin a kashe shi.

Ƙaramar wuta a rufe ta da yashi. Babba aikin 'yan kwana-kwana ne masu na'urar numfashi, kuma feshin ruwa mai laushi ake yi mata. Ruwa mai ƙarfi yana watsa narkakkiyar farar wuta, ya kuma tayar da garin sama, garin da ya tashi cikin iska kuwa fashewa yake yi in ya samu tartsatsi. Bayan an kashe a ci gaba da sa ido har tarin ya huce sosai, domin yakan sake kamawa kuma da rana ba a ganin harshen.

Wajen ajiya, a raba ta da takin naitiret da garin bilicin da duk wani mai ba da oksijin. Ba ta ɗaukar lantarki ta wuce da shi, don haka gogayyar zuba ta daga buhu zuwa buhu na tara mata caji, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa ƙayau. A yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara, a kwashe da cebur na roba ko na katako, kada a yi walda ko a sha taba kusa da wurin.